Karnen Likita Ɗaya, Mutum Goma Sha Huɗu

Tun da muka dawo daga Yerwa ban sha shayi da zafinsa ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya dafa mini kafaɗa: "Kyari, wai yaya aka yi a can?" Na ba da labarin nan a tashar Difa, na ba da shi a kasuwar tattasai, na ba da shi a wurin suna biyu da zaman makoki ɗaya, har muryata ta koma irin ta injin ban-ruwa da ya sha yashi. To, ga shi na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku bar ni in huta. Na kuma san abin da ake faɗi a bayana, wai in na ga tunkiya sai in ce raƙumi na gani. Wannan karon raƙuman kaɗan ne, za ku ji dalili.

Ga wanda bai san mu ba, ni dillalin tattasai ne a Difa. Yayana, Ya Ari, shi ne babban gidanmu a wani ƙauye bayan Shetimari, bakin kogin Komadugu. Manomi ne na gaske, irin wanda daga nesa zai gaya maka kwana nawa ya rage tattasai ya nuna. Shekara uku ke nan da yanar ido ta soma rufe masa idanu. Ranar da ya tsaya ya gaida buhun tattasai, har ya tambaye shi lafiyar iyali, dukanmu muka yi dariya, shi ma ya yi. Ranar da aka tsamo shi daga ramin ban-ruwa, dariya ta ƙare. Na kai shi likita, wato asibiti, a Difa, aka haska masa tocila, aka ce yanar ta nuna, na hagun ma ya wuce nuna, kada a jira. Aka ce mu tafi Yerwa, wato Maiduguri, akwai wata likitar ido da ke cire ta.

Kafin mu kama hanya sai na gaya muku labarin karne, don shi ne ya kusa kashe mu. Karne shi ne ɗan littafin nan da ake ba mara lafiya, likita ya riƙa rubuta ciwonsa da maganinsa a ciki. Lokacin da aka buɗe likitar ƙauyenmu, aka ba Ya Ari nasa, sai ya ɗauke shi kamar takardar haraji, wadda ake rubuta sunan maigida a sama, iyali duka su bi a ƙasa. Ya sa shi cikin gwangwani, ya ce wannan na gida ne. Duk wanda kansa ya yi ciwo, ya ɗauka ya tafi. Ma'aikatan likita sun yi faɗa har sun gaji. Da shafuka suka ƙare, matarsa Ya Fanna ta samo littafin lakwal, irin na ƴan makaranta, ta ɗinka a baya da zare da allura. Da wannan ya ƙare ta ƙara wani. Mutum goma sha huɗu muke rashin lafiya cikin littafi ɗaya, har ya yi kaurin da in ka jefi kare da shi sai ya suma.

Da za mu tashi ranar Lahadi, Ya Fanna ta naɗe shi cikin tsumma ta miƙa mini, ta ce, "Kai, mai baki, ga amana biyu. In za ka yar da ɗaya, ka yar da yayanka, ka dawo mini da karne."

Ni ma ina da tawa buƙatar a tafiyar. Akwai wani haƙori da ya yi wata biyu yana buga mini ganga a muƙamuƙi. Na ce in an gama da idon Ya Ari, sai in sa a yi mini allurar kashe zafi a fizge shi. Ku riƙe wannan haƙorin, zai dawo.

Ruwa ya cika, saboda haka da kwalekwale muka haye Komadugu, wanda shi ne iyakar ƙasarmu. A gefenmu jandarma ya san ni, na ce masa "Bonjur shef", ya ce in sayo masa labari. A wancan gefen kuwa wani dogon ma'aikaci ya tare mu, ya ce takardu. Kafin in zaro katina, Ya Ari ya lalubo karne daga hannuna ya miƙa masa. Mutumin ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce, "Baba, fasfo na tambaya, ba kundin alƙali ba." Sai ya koma kan buhun da muka riƙo wa mai masaukinmu tsaraba. Na ce, "Oga, dakakken tattasai ne." Bai yarda ba, ya kwance ya cusa hanci. Atishawa goma sha ɗaya na ƙirga, hularsa ta faɗi a ta huɗu. Da hannu ya yi mana alamar mu wuce, don baki ya ƙi.

A Damasak muka shiga wata tsohuwar mota wadda aka ɗaure ƙofarta da igiyar guga. Mutum tara a wurin mutum biyar, ni da wani mai kaji muka raba cinya ɗaya. Kafin Gubiyo ta mutu a tsakiyar hanya, direba ya ce a sauka a tura. Muka taru a baya, muka yi bisimilla, muka tura har jijiyar wuyana ta fito, mota ko motsi. Direba ya leƙo ya daka tsawa. Ashe Ya Ari ne ya fita ta ɗaya ƙofar, ya lalubo ƙarfe, ya dafa, yana turawa ta gaba da iya ƙarfinsa. Mu bakwai, shi kaɗai, kuma shi ke cin mu. Da aka gaya masa sai ya ce, "To ai sai ku ci abinci."

A Gubiyo muka ci. Na tambayi burodi, aka kawo mini wani abu mai kusurwa huɗu, laushi kamar matashin kai, ga zaƙi. Mu namu dogo ne kamar sanda, in ya kwana za ka iya korar ɓarawo da shi. Nasu in ka matsa sai ya koma ƙwallo a hannunka. Ya Ari ya shafa shi ya ce, "Wannan ci ake yi ko jingina?" Amma ya cinye biyu.

Da la'asar muka shiga Yerwa. Abin da muke kira kabu-kabu, su acaba suke ce masa, kuma a ganina duk ɗan garin da ya kai shekara goma sha biyar an haife shi ne a kan babur. Mai masaukinmu Alhaji Modu, wanda ke sayen tattasaina shekara da shekaru, ya karɓe mu da "wushe, wushe" har sau ashirin, ya sa aka kawo burabusko da miyar kuɓewa da bandar kifi. Wani abu na lura da shi a garin: in wuta ta ɗauke, ba wanda ke cewa uffan, kowa sai ya tashi ya ja igiyar janareto kamar an kira salla. In ta dawo ne ake ihu.

Ranar Litinin Alhaji Modu ya kai mu asibitin idon. A ƙofa aka ba mu lamba. Wannan ya ba ni mamaki, don a wurinmu layi na mai ƙarfin kafaɗa ne da mai ɗan'uwa a ciki. Nan kuwa ko kai wane ne, sai an kira lambarka. Muka isa gaban wata mata mai suna Madam Rifkatu, tana zaune gaban abin da mu muke ce wa ordinatar, su kuma kwamfuta. Ta tambayi suna, ta buga. Ta tambayi ranar haihuwa.

Ya Ari ya ce, "Shekarar da fara ta cinye gero."

Ta ce, "Baba, injin nan bai san fara ba. Rana da wata yake so."

Na ce, "Madam, sa ɗaya ga Janairu. A ƙasarmu duk wanda bai san ranarsa ba ita ake ba shi. Rabin Difa rana ɗaya aka haife mu, ungozoma ta sha wahala."

Ta yi dariya ta buga. Ta ba shi ɗan kati mai lamba, ta ce ko bayan shekara goma ya dawo, in aka buga lambar nan, duk abin da aka yi masa zai fito. Ya Ari ya shafa katin ya ce, "Na gida duka ne?" Ta ce nasa ne shi kaɗai. Ya girgiza kai ya raɗa mini, "Mutanen nan almubazzarai ne."

Ranar ba mu ga likita ba, zaman jira muka yi a rumfa. Kun san ni da taron mutane, ga su kuma rabinsu ba sa gani, sai kunne. Na ga ba a yi mini adalci in na yi shiru. Na tuɓe takalmin hagu, na ba su labarin da duk Difa ta haddace: yadda shekara tara da suka wuce kada ya kama ni a Komadugu, na cusa masa yatsa a ido ya sake ni, na taka da ƙafata har likita, aka yi mini ɗinki arba'in ba tare da allurar kashe zafi ba, ina cin goro. Wani tsoho mutumin Monguno ya roƙa a kai hannunsa ya taɓa tabon. Madam Rifkatu ta daina buga injinta tana saurare. Na kwanta ranar ina jin daɗin kaina.

Talata da safe aka kira mu wurin Dokta Zara, ƴar siririya mai tabarau, ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta dube ka sai ka gyara zama. Ta ɗora haɓar Ya Ari kan wani ƙarfe, ta haska, ta kawo wani abu kamar alƙalami ta taɓa idon, sai ga cikin idon yayana a allo, baƙi da fari, kamar wata a cikin rijiya. Ta ce na dama zai iya jira, na hagu kuwa ruwan cikinsa ya fara hawa, in aka bar shi wata biyu ko uku jijiyar za ta mutu, kuma in ta mutu ba mai tashe ta. Ta ce ranar Alhamis ce aikinta na ƙarshe kafin ta fita zagayen ƙauyuka, za ta sa shi a ciki. Na ji kamar in yi guɗa.

Sai ta ce, "Akwai takardun asibiti na baya?"

Da alfahari na kwance tsumma na ajiye mata karne. Da Faransanci aka rubuta, amma ta ce kalmomin likita dangin juna ne, tana ganewa. Ta buɗa, ta buɗa, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Baba, bisa ga littafin nan ka haihu sau biyar."

Ya Ari ya ce, "Shida ne, ranki ya daɗe. Ɗaya a gida aka yi."

"An yi maka kaciya sau uku. Ka yi ƙyanda bara. Kuma nauyinka kilo huɗu."

Na yi mata bayanin gwangwani da takardar haraji. Ta yi dariya har ta kira Madam Rifkatu ta zo ta gani. Ta ce ba komai, hawan jini da sukari za su auna da kansu yanzu. Tana cikin juya shafi tana murmushi, sai murmushin ya ɗauke kamar wutar garinsu. Ta sa yatsa a kan wani layi da aka rubuta da jan biro, aka ja masa layi biyu a ƙasa.

Ta ce, "Wannan fa? Wani ya yanke a ƙafa, aka yi masa allurar kashe zafi don a ɗinke, jikinsa ya kumbura, numfashinsa ya toshe, da ƙyar aka ceto shi. An rubuta kada a sake yi masa ita har abada. Ba suna. Irin allurar da zan yi wa idon nan ke nan. Wane ne?"

Ya Ari ya ce shi bai tuna ba, amma manomi da yanka a ƙafa ai kullum ne. Ta duba ƙafafunsa, tabo ya fi goma. Ta ce in shi ne, ba za ta taɓa shi a nan ba, sai dai a kai shi babban asibiti a sa shi barci gaba ɗaya, can kuwa layin watanni ne, idon hagu ba zai jira ba. Ta rufe karne ta ce, "Ku nemo mini mai wannan layin kafin Alhamis."

Jama'a, ni tun tana karantawa na san mai layin nan. Na ja Ya Ari muka fita, muka zauna a gindin wata maina. Na yi shiru, abin da bai taɓa ji daga gare ni ba tun ina cikin zani. Can ya lalubo gwiwata ya dafa, ya ce, "Kyari, kada ka damu. Mu koma gida. Ai na haddace hanyar gona, taku ɗari uku da goma ce daga ƙofa. Jikokin ma ina gane su da murya."

Wannan taku ɗari uku da goman ne ya karya ni. Na ce, "Yaya, ba kada ba ne."

"Mene ne ba kada ba?"

"Bunsurun Bulama ne."

Ga gaskiyar, tunda yau ranarta ce. A waccan shekarar Ya Ari ya tafi Damagaram da kaya. Bunsurun Bulama, mai garinmu, ya biyo ni a bakin gona, na zura da gudu, na faɗa kan ƙarfen injin ban-ruwa, ƙafa ta tsage. Ya Fanna ta ba ni karne ba ta ko tambayi dalili ba. Majo Isufu, babban ma'aikacin likitarmu a lokacin, ya yi mini allura, sai na ji harshena ya cika mini baki, duniya ta yi duhu. Da na farfaɗo na gan shi jiƙe da gumi yana salati. Ya ce kada in kuskura in sake yarda a yi mini wannan allurar, ya rubuta da ja. Na ce to. Amma tsakanin likita da majalisa akwai ƴar tafiya, kuma kafin in isa, bunsuru ya zama kada. Na yi ta ba da labarin har ni kaina na yarda da shi. Allurar ta ɓace daga kaina tare da bunsurun.

Ya Ari ya ɗauke hannunsa daga gwiwata. Sannan ya ce, "Bunsurun nan mai karyayyen ƙaho?"

Na ce, "Lokacin ƙahonsa biyu."

Muka koma ciki na faɗa wa Dokta Zara komai. Ta saurare ni har ƙarshe, sai ta dubi Madam Rifkatu. Madam Rifkatu ta ce, "Ba kai ne jiya ka ce ɗinki arba'in, ba allura, kana cin goro ba?"

Na ce, "Madam, jiya ƙarya ce, yau gaskiya."

Dokta ta ce, "Malam Kyari, ko wane ƙane zai faɗi haka don a yi wa yayansa aiki. In na yarda da kai ya zamana ba haka ba ne, a kan teburina zai mutu. Ba bakinka nake so ba, rubutu nake so."

Shekara arba'in da bakwai ina zuba, ana yarda da ni. Rana ɗaya tak da na faɗi gaskiya tsirara, aka ce in kawo shaida.

Abin da na tuna shi ne, Majo Isufu yana da wani babban rajista a kan teburinsa, kuma shi ya san halin gidanmu, sunan wanda ya zo da ƙafarsa yake rubutawa, ba sunan da ke bayan karne ba. Amma Majo ya yi ritaya yana Difa, rajista tana ƙauye, mu muna Yerwa, Alhamis kuwa jibi. Da a shekarun baya ne, sai dai a ba direba wasiƙa, ta kwana uku a aljihunsa, matarsa ta wanke ta da riga. Sai Alhaji Modu ya zaro salularsa, don shekarar ce waya ta fara shiga hannun mutane a wajenmu. Lambar da na haddace a duniya ɗaya ce, ta telesantar da ke bakin tashar Difa, shagon da nake buga waya in ji farashin tattasai. Na kira, na roƙi mai shagon ya nemo mini Majo ko yana ƙarƙashin ƙasa. Bayan azahar muka sake kira, sai ga muryarsa.

"Kyari mai kada! Lafiya?"

Na gaya masa. Ya ce, "Shekara tara ina kiwon kadan nan naka, ban gaya wa ko matata ba. Sirrin mara lafiya ne. Ka yarda in yanka shi?"

Na ce, "Majo, yanka. Ka raba naman."

Ya ce zai hau babur gobe da sassafe, amma in sani, tsofaffin rajistoci suna cikin wani ɗaki da gara ta mayar gidan gadonta. In ta ci shafin, ba abin da zai iya. In ya samu, zai kawo telesantar a tura ta faks, injin nan da ake cusa wa takarda a gari ɗaya ta fito a wani. Madam Rifkatu ta ba shi lambar na ofishinsu.

Laraba ita ce rana mafi tsawo da Allah ya halitta, na auna ta. Na zauna a kan benci ina kallon injin nan kamar mai jiran kaza ta yi ƙwai. Tsohon Monguno ya ce in ƙara musu labarin kada, na ce makogwarona na ciwo. Azahar ta wuce, shiru. Wajen ƙarfe uku injin ya yi ƙara, ya fara turo takarda, ta fito kamar faɗin yatsa uku, wuta ta ɗauke. Wallahi ni na riga mai gadi isa wurin janareto, na ja igiyar nan har na faɗi zaune. Aka sake kira. Ta biyu ta fito baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Na karɓi salula na ce, "Majo, me ka tura mana, gawayi?" Ya ce shafin ya tsufa ne, bari mai shago ya yi masa hoto mai haske tukuna. Ta uku ta fito a hankali, layi bayan layi, ina jin bugun zuciyata a cikin haƙorin nan.

Gara ta ci gefen shafin, ta cinye mutum biyu na sama da ni ɗungurungum. Amma ta tsaya daidai kaina. Dokta Zara ta ɗora takardar kusa da karne. Rana ɗaya, hannu ɗaya. Ta karanta: Kyari, ƙanen Ari, ƙafar hagu, ɗinki bakwai. A gefe kuma Majo ya ƙara da Hausa da manyan baƙaƙe, don kada a samu shakka: BUNSURU NE.

Ta ce in tuɓe takalmi. Ta durƙusa ta ƙirga da bakin biro. "Bakwai." Madam Rifkatu ta fita da gudu tana toshe baki, ina jin ta a baranda. Ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya irin na ranar ba. Duk da haka Dokta ba ta tsaya nan ba, sai da ta ɗiga wa Ya Ari ɗan maganin a fatar hannu, ta zaunar da shi tana duba agogo. Ko ƙaiƙayi bai ji ba. Ta ce, "Gobe da safe, shi ne na farko."

Sai ta juyo kaina ta ce wa Madam Rifkatu ta buɗe mini nawa katin a kwamfuta, ta sa gargaɗin a sama inda duk wanda ya buga lambata zai fara gani, ta kuma rubuta mini shi a takarda da Turanci in riƙa yawo da shi. Na ce, "Dokta, ai kuwa ya zo daidai, don jibi nake so a yi mini allura a cire mini haƙori."

Ta ajiye biro. Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Da ba ku kawo littafin nan ba, ko da yayanka bai buƙaci aikin nan ba, da jibi ka je ka miƙa baki an yi maka ita?"

Na ce, "Da na je."

Ta ce, "To ka gode wa Allah, ka gode wa Majonku. Kun zo neman ido ɗaya, an tsamo rai." A nan na zauna a kan kujerar da ba a ba ni ba.

Alhamis aka yi aiki. Ban kai ga gama carbi uku ba aka fito da shi da auduga a ido, yana cewa wai har an fara? Juma'a da safe Dokta ta ɓare audugar a hankali. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye ya zubo. Ya dubi tagar ɗakin, ya dubi hannunsa, ya juya shi gaba da baya. Sannan ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

Ya ce, "Kyari, yaushe ka yi furfura?"

Ku rubuta wannan ma, rana ta biyu ke nan da aka ga bakina a rufe.

Dokta ta ce a dawo da shi bayan zagayenta a yi na dama, ba sai mun riƙo komai ba sai ɗan katin. A hanyar dawowa Ya Ari bai bar kowa ya runtsa ba. Ya ƙirga mana kowace bishiya, ya ga igiyar gugar da ke ƙofar mota ya ce da ya san da ita da bai shiga ba. A Gubiyo ya ga burodin da ido, ya ce ashe ma haka yake, ya ƙara biyu. Yanzu a gidanmu karne goma sha huɗu ne, kowa da sunansa, Ya Fanna ta nemo gwangwani mafi girma. Tsohon kuma ta hana a yar, ta ce tarihin gida ne. Haƙorina yana nan, an ba ni magani ya lafa, an ce sai a babban asibiti, da takardata a hannu.

Amma bari in ƙare muku da bakin ruwa. Da muka shiga kwalekwale, daga tsakiyar kogi ana hango gefenmu, an shanya tattasai a kan tabarmi, ja wur har iyakar gani. Ya Ari ya miƙe tsaye, mai tuƙi yana ta roƙonsa ya zauna. Ya sa hannu ya kare idon daga rana, ya ce, "Na Bulama bai bushe ba, sun yi saurin tarawa." Shekara uku rabon da in ji ya kushe tattasan wani. Na ce alhamdu lillahi a fili.

Ya zauna. Ya leƙa ruwa ta dama, ya leƙa ta hagu, kwalekwale cike da mutanen da suka san ni tun ina yaro. Sai ya ɗaga murya yadda har na bakin gaɓa za su ji, ya ce, "Kyari, tunda yanzu ina gani, nuna mini daidai inda bunsurun yake ninƙaya."